Durƙuso a Ɗakin Duhu

Dokokina goma sha ɗaya ne lokacin da na fara koyar da ɗaukar hoto a makarantar sakandare ta maza da ke bayan garinmu, Talata Mafara. Da na bar aikin sun zama goma sha biyu. Labarin ta goma sha biyun zan bayar, amma sai na faro daga tushe, domin ban iya shiga magana ta tsakiya ba.

Ni dai ba malamin makaranta ba ne. Aji bakwai na firamare na gama, aka kai ni Gusau wajen wani mai hoto, na shekara biyu ina wanke masa faranti kafin ya yarda in taɓa kyamara. Da na dawo gida na buɗe shago a bakin titin Sakkwato. Ana nan sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo, gari ya cika da manyan motoci da masu neman aiki, kowa kuma sai da hoton fasfo. Wani Bature cikin ma'aikatan, da zai koma ƙasarsu, ya bar wa makarantar akwati guda: kyamara biyu, injin buga hoto, faranti huɗu da kwalaben magani. Akwatin ya yi wata takwas a ofishin shugaban makaranta ana ɗora masa butar shayi. Malamai cike da ɗaki, har da masu digiri, ba wanda ya san gaban kyamara daga bayanta. Sannan aka tuna da ni.

Shugaban ya ce darasina ranar Talata ne bayan azahar. Na ce, "Ranka shi daɗe, ranar kasuwa ce fa." Ya ce jadawali ya riga ya fita. Ban ja ba. Mutumin da ya shekara uku a gari bai lura da ranar da hanya ke cika da jakuna ba, ba ni da abin da zan koya masa.

Ɗakin da aka ba ni wurin ajiye tsintsiya da fartanya ne. Na kwashe su, na rufe taga da kwali da baƙin ƙyalle, na cusa tsumma a kowace kafa ta ƙofa. Na zauna ciki har idona ya saba da duhu, duk inda na hango zaren haske na bi shi na toshe. Na sa randa a kusurwa, a cikinta nake tsoma kwalaben magani, saboda zafin ƙasarmu yana dafa fim kamar ƙwai. Bayan haka na samo allo na rubuta dokoki. Ta farko, in an rufe ƙofa ba mai buɗe ta, ko gobara ake yi. Ta biyu, ba a buɗe bayan kyamara. Ta uku, aiki daga hagu yake zuwa dama: ruwa, maganin fitarwa, ruwa, maganin tsayarwa. Ta huɗu, ba a nuna wa mutum hoton da ba nasa ba, ba a kuma yi masa zancensa. Ta biyar, wanda ya ɗauka shi ke wankewa. Sauran duk maganar wanke hannu ce da mayar da kowane abu inda aka ɗauko shi.

Ranar farko ɗalibai sun fi arba'in, kowa ya taje suma ta tashi kamar kwando, an goge riga, an ari agogo. Da suka ji su ne za su ɗauka, ba su za a ɗauka ba, sai aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tara suka rage.

Taran nan ma ba su bar ni na huta ba. Akwai wanda ya danna kyamara, nan take ya buɗe bayanta a tsakiyar rana don ya ga ko mutumin ya shiga. Akwai wanda duk wanda ya ɗauka sai ya sare masa kai, hoto goma sha biyu wuya da riga kawai, kamar mai tallar maɓalli. Akwai ɗan gidan malamai da kullum sai ya kawo mini muhawara a kan ko hoto ya halatta, amma ranar da aka ce za a ɗauki 'yan aji shi ne ya fara gyara hula ya shige gaba. Malaman ma ba su fi su ba. Wani mai koyar da kimiyya ya kawo kansa da jar riga, na buga masa, ya dawo yana ƙorafi wai ina jan ya tafi. Na ce masa yana nan jikin rigar.

Cikin taran akwai guda da ban taɓa yi wa tsawa ba. Ɗan wani manomi ne daga wajen Birnin Tudu, dogo, ya girmi 'yan ajinsa, ba ya magana sai an tambaye shi. Hannunsa ba ya rawa. Abin da na faɗa sau ɗaya, haka zai yi shi, a jere. Wata Talata bayan an tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce yana roƙon a ba shi aron kyamara ranar Asabar.

Na ce kyamara ba ta fita sai da ni. Me za a ɗauka?

Ya ce gonar babansa. An aiko musu cewa ranar Litinin katafila za ta shiga fadamarsu ta baje ta, a yi hanyoyin ruwa, daga baya a mayar wa kowa da filinsa. To amma iyakar gona a wajenmu ba a takarda take ba. Tasu, tsamiya ce a gabas, suri a arewa, layin gamba a yamma, tsohuwar rijiya a kudu. In aka ture waɗannan, da me tsoho zai ce daga nan zuwa nan nawa ne? Ga shi maƙwabcinsu na gabas, tun ana ganin tsamiyar ma, kowace damina garmarsa sai ta ci taki ɗaya ta wajensu. Gonar nan ita ce duk abin da gidan ke ci.

Ranar Asabar da hantsi muka isa a kan babur ɗina, da fim guda mai hoto goma sha biyu. Na riga na tsara: biyu a kowace iyaka, takwas ke nan, uku na gonar gaba ɗaya daga saman amalanke, ɗaya a ajiye saboda kuskure. Na kuma ce kowane maƙwabci ya zo ya tsaya a iyakarsa tare da tsohon, don hoto ya nuna alama ya nuna shaida.

Abin da ban tsara ba shi ne, ba wanda zai yarda a ɗauke shi da kayan gona. Tsohon ya koma gida ya sa rigar Sallah, ya aika a aro masa rawani. Maƙwabta suka ga haka, su ma kowa ya nufi gida. Muna zaune a gindin tsamiya rana tana hawa, hasken safe mai kyau yana lalacewa, sai wajen sha ɗaya suka fito a jere kamar masu zuwa ɗaurin aure. Mai iyakar arewa ya baza riga ya tsaya daidai gaban surin, ya rufe shi ruf. Na ce ya matsa. Ya ce to shi aka zo ɗauka ko gara?

Na gabas shi ne ya zo ƙarshe, yana tafe yana kallon kyamarar ta gefen ido. Na ce ya dafa tsamiya ta ɓangarensa, tsohon ya dafa ta nasa. Ya ɗora hannu, ya ɗauke, ya ce, "Malam mai hoto, wanga abu in an ɗauka, yana gogewa?"

Na ce, "Har jikokinka za su gani."

Mutane na kallo, ba yadda zai yi, ya mayar da hannun. Ɗalibina ya danna sau biyu.

Da muka gama sha ɗaya, tsohon ya ce saura shi. Yana so a ɗauke shi a ƙofar gida, gaban zana, shi kaɗai. Na ce, "Baba, zana ba ta cikin gona." Ya ce, "To ni mai gonar hwa?" Na ga ɓarnar fim ce, amma ba kuskuren da aka yi, na bar shi. Ya tsaya ƙiƙam kamar an kafa turke, ya zare ido, aka danna na goma sha biyu.

Litinin katafila ta shiga. Talata ɗalibin ya zo makaranta da labari: tsamiya ta faɗi, suri ya baje, an cike rijiya, gamba ko ganyenta babu. Abin da ya rage na gonar a duniya yana cikin ɗan naɗin fim da ke aljihuna.

Dole in faɗi yadda ake wanke fim a lokacin, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba. Cikin baƙin duhu ake yi, ko jar fitila ba a kunnawa. Mutum ya tsaya gaban tebur, ya kama kan fim da hannun dama, gindinsa da hagu, ya riƙa ɗaga wannan yana sauke wancan, tsakiyar tana ratsa maganin da ke faranti, ba tsayawa. In fim ya jiƙe, fuskarsa laushi gare ta kamar saman kindirmo, farce kaɗan ya taɓa ta ta kwaye. Agogo kuma ba ya ganuwa, saboda haka da carbi nake ƙidaya: kowace ɗagawa ƙwaya ɗaya, zagaye uku, a cire.

Na yi tunanin in wanke wannan da kaina. Amma doka ta biyar tana nan a allo, kuma dokar da aka lanƙwasa sau ɗaya ba ta sake miƙewa. Ban da haka ma, yaron ya fi kowa hannu. Muka shiga ni da shi. Na zaunar da wani ƙaton ɗalibi ɗan Maradun a bakin ƙofa ta waje, na ce ko shugaban makaranta ne ya zo, ya tare shi.

Aka rufe. Ruwan farko ya wuce lafiya. Ya shiga maganin fitarwa, ina jin ƙarar ruwan, cakal, cakal, daidai da ƙwayar carbina. Zagaye na farko ya ƙare. Na shiga na biyu, na kai wajen ƙwaya ashirin, sai na ji tafiya a waje, da muryar ɗan Maradun.

"Baba, ba a shiga."

"Ai ba shiga zan yi ba, ɗana. Gaisawa za mu yi." Sai ya ɗaga murya. "Salamu alaikum!"

Tsohon ne. Ya zo cin kasuwa, ya ce bari ya biyo ya ga gonarsa.

Sallama dai ba a ƙin amsa ta. Na amsa, ina riƙe da lissafina da ƙyar.

"Malam mai hoto, kana ciki?"

"Ina ciki, Baba. A ɗan yi haƙuri, muna..."

"Ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ina gajiyar shekaranjiya waccan?"

"Ba gajiya."

"Kun iso gida lahiya? Babur bai ba ku wahala ba?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ya iyali? Ya yara? Ya zahi?"

Ina amsawa, yatsana yana tafiya a kan carbi shi kaɗai, ban san ko a talatin nake ko a sittin ba. Shi kuwa ya gama nasa ya shiga na saƙo. Liman na gaishe ni. Na ce ina amsawa. Mai gari na gaishe ni. Ina amsawa. Mai iyakar arewa ya ce a gaishe ni, ya kuma ce a tambaya ko rigarsa ta fito duka.

A nan ne kunnena ya gaya mini wani abu. Ƙarar ruwan ta tsaya. Ban san tun yaushe ba. Sai na ji muryar ɗalibina, a hankali, yana cewa, "Baba, ina wuni." Muryar ba daga gefen kafaɗata ta fito ba, inda na bar ta. Daga wajen gwiwata ta fito.

Ya durƙusa. Cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani, bayan rufaffiyar ƙofa da na cusa wa tsumma da hannuna, yaron nan ya ji muryar ubansa ya kai gwiwa ƙasa, da fim a hannu.

Na ce da raɗa, "Tashi!"

"Malam, Baba na tsaye."

"Ba ya ganinka!"

"Ni ai na san yana nan."

Na laluba. Ya saki hannun dama don ya dafa ƙasa, gefe ɗaya na fim ɗin ya zauna cikin faranti, sauran ya ja shi ta kan bakin tebur mai kaushi ya yi ƙasa da shi. Na cafko shi da tafin hannu gaba ɗaya, abin da na hana ɗalibai sau ɗari. Na mayar cikin magani, na ƙarasa da ƙiyasi, na wuce da shi ruwa, na wuce da shi maganin tsayarwa. Duk wannan tsohon yana waje yana ba ɗan Maradun labarin yadda tsamiya ta faɗi.

Da lokaci ya yi na buɗe ƙofa, na ɗaga fim ɗin sama. Bakin tebur ya karce shi tun daga na ɗaya har na goma, fuskar ta kwaye layi-layi, gindin kuma ya kwashi yashi. Inda tsamiya take da mutum biyu suna dafe da ita, ba abin da ake gani sai sawun yatsuna huɗu. Na sha ɗaya rabi ne, sama da gajimare. Na goma sha biyu kuwa, wanda ya zauna cikin faranti, ya fito tas: tsoho da rawanin aro a gaban zana.

Na nuna masa. Dodon hoto ne, wato fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, ya ga kansa da farar fuska da baƙar riga, ya ce a'uzu billahi. Na ce wannan zai gyaru in an buga. Wanda ba zai gyaru ba shi ne gonar. Na gaya masa dalili ban rage komai ba, har da yatsuna.

Ɗan nasa yana durƙushe a gefe, wannan karon ban ce ya tashi ba. Tsohon bai dube shi ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa. Can ya ce, "Yaron ga bai yi laihi ba. Haka aka koya mishi." Sannan ya ce, "Wa ya san bai hito ba?"

Na ce mu huɗu da ke nan.

Ya ce, "To." Ya roƙi in buga masa nasa, in sa masa a babbar ambulan tare da lalataccen fim ɗin, in liƙe.

Na kira ɗan Maradun na nuna masa doka ta huɗu da sanda, na sa ya karanta ta da ƙarfi sau uku. Talatar da ta biyo na ƙara ta goma sha biyu a ƙasan allo: ba a durƙusawa a ɗakin duhu, ko uban wa ya zo. Sau ɗaya aka gwada ta, ranar da shugaban makaranta ya yi sallama muna ciki. Ba wanda ya ko rusuna. Ban tabbata dokar ce ta yi aiki ba.

Ba a yi mako biyu ba sai ga maƙwabcin gabas a shagona da safe. Bayan mun gaisa ya ce yana so ya ga hoton nan na tsamiya.

Na ce ba na nuna wa mutum hoton da ba nasa ba.

"Ai ni ne ciki."

"Kai aka ɗauka, amma ba kai ne mai shi ba."

"To na hito sosai? Hannun nan nawa ana ganinai?"

Na ce ba na yin zancen hoton wani da wani, doka ce, tana rubuce tun kafin in san shi. Ya zauna ya kalli bangon shagona, inda na jera hotunan mutane, kowa da kamanninsa har da tsagen fuska. Ya tashi ya tafi ba sallama mai kyau.

Damina biyu ta wuce kafin a kira su rabon fili. Wahalar da mutanen garuruwan nan suka sha a tsakanin, da abin da ya biyo baya, ba a cikin labarin allo da faranti ya kamata a sa su ba. Ranar rabon tsohon ya aiko ɗansa, wanda ya riga ya gama makaranta, cewa in zo, in kuma rataya kyamara. Na je. Ko fim babu a cikinta.

Fadamar ta zama fili shimfiɗe, ba itace ko ɗaya, sai hanyoyin ruwa na siminti. Wani akawu yana zaune a inuwar mota da taswira, an ɗiga alama a duk inda babban itace yake a da. Ya sa yatsa a kan ɗigon tsamiyar ya ce, wannan a gonar wa take?

Maƙwabcin gabas ya gyara murya. Ya ce a cikin tasa take, tun zamanin kakansa, iyakar tana can gaba da ita da taki ashirin. Ya yi maganar da ƙarfi, kamar wanda ya kwana biyu yana bitarta.

Tsohon ya sa hannu a aljihun riga ya zaro ambulan ɗin, har yanzu a liƙe, ta yi ja don ajiya. Ya hure ta, ya shafe ta da hannu, ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ranar dai ga Malam mai hoto nan, ga jama'a. Kowa ya ga inda kowa ya dafa."

Maƙwabcin ya dubi ambulan. Ya dubi kyamarar da ke ƙirjina. Ni kuma na tsaya yadda nake tsayawa in ɗalibi ya buɗe bayan kyamara.

Akawu ya ce, "Wace takarda ce wannan? A buɗe mana."

Maƙwabcin ya yi sauri ya ce, "A'a, ba sai an buɗe ba. Na tuna. Tsamiyar ita ce iyaka. Tsufa ne, Allah shi gafarta muna."

Akawu ya ja layi ta kan ɗigon, ya kira na gaba. Tsohon ya samu gonarsa, ban da tsirin da hanyar ruwa ta cinye ta kudu.

Muna komawa wajen babur ya mayar da ambulan aljihu, ya ce, "Malam mai hoto, aikinka na da kyau ƙwarai." Na ce na gode. Ɗansa yana biye da mu da taki uku, kamar yadda aka koya masa. Na tambayi tsohon ko ya taɓa buɗewa ya ga hoton nasa na gaban zana. Ya ce a'a, in ya buɗe liƙin zai lalace, kuma har yanzu da sauran mai iyakar arewa.